Wasiƙar Ɗan Dako

Ɗigo uku na ruwa yake zubawa a kan dutsen, ba ya ƙarawa. Sannan Tsoho Beh ya kama sandar tawada ya soma niƙa, yana kewayawa da ita a hankali kamar mai shafa bayan jariri, har ruwan ya yi baƙi, ya yi kauri, ƙamshin hayaƙin itace ya tashi ya cika kusurwar da teburinsa yake. Tun yana ɗan shekara tara yake wannan niƙan kowace safiya, ga shi yanzu yana neman tamanin.

"Ah Ku, akwai tawadar kwalba a cikin durowa fa," in ji Lay Peng daga can ciki, inda take goge kujerar aiki. Kullum sai ta faɗa, don kawai ta ji abin da zai ce.

"Akwai madarar gwangwani ma a kanti. Da ita uwarki ta shayar da ke?"

"Da ita mana. Ka manta?"

"Shi ya sa."

Lay Peng 'yar ƙanwarsa ce, don haka take ce masa Ah Ku, wato kawu. Shagon nata ne, a wani ɗan lungu na George Town, a tsibirin Penang, inda mota ɗaya ma sai ta yi dabara take wucewa. Zanen jiki take yi da allura da tawada. Lokacin da ta buɗe shagon, shekara biyu cur Tsoho Beh bai taka ƙofarsa ba. A zamaninsa 'yan daba ne kawai ke zana jikinsu, kuma fatar mutum ta iyayensa ce, aro suka ba shi. Abin da ya kawo shi, wata rana ce a kasuwar kifi ya ga wani saurayi da harafin haƙuri a dantse, domin a rubutunsu harafi guda kalma ce sukutum. Harafin daidai yake, babu kuskure, amma na'ura ce ta fitar da shi, sandararre kamar rubutun jikin kwalin magani. Tsohon ya bi saurayin da ido har ya ɓace, ya koma gida ya kasa cin abinci. Washegari ya zo da dutsensa da alƙalumansa na gashi a cikin jakar leda, ya ce wa Lay Peng in dai dole sai yaran nan sun rubuta a jikinsu, to a rubuta musu da hannun mai rai.

Tun daga ranar ya zama shi ke rubutawa a takarda, ita kuma ta ɗauka ta mayar kan fata. Yana da dokokinsa. Ba ya rubuta wa kowa harafi sai ya buɗe masa cikinsa tukuna. Zai nuna da bakin alƙalami ya ce, ga wuƙa nan a sama, ga zuciya a ƙasa, su biyun ne suka haɗu suka zama haƙuri, ka tabbata abin da kake so ke nan? Ko ya ce, ga rufin ɗaki, ga mace zaune a ƙarƙashinsa, wannan shi ne kwanciyar hankali, kai kuwa na ga ko ɗakin ba ka da shi. Ba ya yarda a sa harafi a ƙafa ko a ƙasan cibiya, domin rubutu ba abin takawa ba ne. Takardun da suka lalace ma ba ya bari su shiga kwandon shara. Yana tara su a gwangwanin biskit, ranar ɗaya ga wata da ranar sha biyar ya kai su murhun haikali ya ƙona, kamar yadda mahaifinsa yake yi.

Mahaifin nasa mai rubuta sunayen dangi ne a jikin fitilun takarda da ake ratayewa a ƙofar gidaje. Shi ya fara kama masa hannu. Da ya kai sha tara sai ya sami teburi da kujeru biyu a ƙarƙashin rumfar wani shagon shayi kusa da tashar jiragen ruwa, ya zama mai rubuta wa mutane wasiƙa. A lokacin tashar tana da rai. Kwale-kwale manya suna kai da kawo tsakanin jiragen da gaɓa, 'yan dako suna tafiya a kan katako guda da buhu a kafaɗa, iska tana kawo warin albasa da busasshen kifi da ɗanyen roba. Ranar Lahadi layi ake yi a gabansa. Maza masu ƙarfin da za su ɗaga buhu biyu sukan zauna a 'yar kujerarsa su rasa inda za su sa hannuwansu, su yi ta kallon ƙasa, su ce, "Ka ce mata ina lafiya." Shi ke nan. Sauran shi zai cike. Ya ɗauki wannan 'yar magana tsirara ya sa mata riga da hula, ya aika ta ƙauye ko can ƙetaren teku.

Daga baya waya ta shigo, yara suka yi makaranta, jiragen suka koma wata tashar. Layin ya yi ta raguwa har ya zama shi kaɗai ke zaune yana korar ƙuda. Ya koma rubuta allunan shaguna, da jajayen takardun sabuwar shekara, da sunaye a kan duwatsun kabari. Na matarsa ma shi ya rubuta. Yanzu hannun ya soma rawa. Awa biyu na farkon safiya ne kawai nasa, daga nan sai alƙalamin ya fara yin abin da ya ga dama. Lay Peng ta sani, shi ya sa take sa masu son haruffa su zo da wuri, ba ta taɓa gaya masa dalili ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Ran nan da safe, tawada ta gama kauri ke nan, sai ga wata mata ta turo ƙofa. Za ta yi shekara hamsin da biyar, da gilashi a ido, da jaka rungume a ƙirji. Ta tsaya tana kallon hotunan dodanni da furanni da ke bango kamar wadda ta yi ɓatan hanya.

"Asibitin haƙori yana gaba kaɗan, Anti," in ji Lay Peng.

"Nan na zo," matar ta ce. "Haƙorana lafiya lau."

Ta ce sunanta Khaw Guat Kim, daga Kuala Kurau, garin masunta, ta taso tun asuba. Shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi a firamare, bana ta ajiye aiki. Ba ta taɓa ko huda kunne na biyu ba, balle zane. Ta juya wajen tsohon ta ɗan rusuna, ta kira shi da sunan girmamawar da ake kiran dattawa.

"Ah Pek, an ce kai ne mai duba haruffa."

"Haka suke cewa, Malama. Zauna. Me ake so, haƙuri ko ƙarfin zuciya? Wanda ya yi shekara talatin da yaran firamare ai ya riga ya gama da su duka biyun."

Ta yi 'yar dariya, ta zauna, ta buɗe jaka ta fito da wata takarda a cikin leda mai haske. Siririyar takarda ce da ta koma ruwan shayi, mai jajayen layuka daga sama zuwa ƙasa.

"Ba sabon rubutu nake so ba. Wannan nake so a ɗauka, yadda yake. Hannun babana ne."

Ta ba da labarin a taƙaice, irin na wadda ta saba tsayawa gaban allo. Mahaifinta, Khaw Ah Chye, ɗan dako ne a tashar nan ta Penang. Ita da mahaifiyarta suna ƙauye. Tana da shekara uku ciwon ƙirji ya ɗauke shi, ba ta san fuskarsa ba, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Mahaifiyarta ta rasu watanni huɗu da suka wuce, a ƙasan akwatinta aka sami wannan wasiƙar, ita kaɗai. Ita Guat Kim makarantar Malay da Turanci ta yi, tana jin Hokkien, yaren gidansu, a baki amma ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa.

"Kullum Mama takan ce, ubanki ya iya rubutu. Ina jin ta ne kawai. Ɗan dako? Sai da na ga wannan." Ta ɗora yatsa a kan haruffa huɗu na farkon layi. "Wani maƙwabcinmu ya karanta mini waɗannan. Wai, ganin rubutun nan kamar ganin fuskata ne. Ah Pek, ni da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Su nake so a nan." Ta shafa cikin hannunta na hagu, tsakanin wuyan hannu da gwiwa.

Lay Peng ta leƙo ta kafaɗar kawunta ta saki baki. "Kai! Anti, wannan ai ba ɗan dako ba ne, malami ne ya ɓad da kama. Ah Ku, dubi yadda yake sakin wutsiyar harafi. Ka ga hannu? Ya fi naka."

Tsoho Beh ya gyara gilashinsa ya jawo takardar kusa. Haruffan suna saukowa a kan jajayen layukan kamar 'yan mata masu saukowa daga bene ranar biki, kowace ta san inda za ta sa ƙafa. A ƙarshen kowane ja mai gangarowa dama akwai wata 'yar ɗagawa sama, kamar jelar tsattsewa. Saboda wannan 'yar ɗagawar malamin rubutun Tsoho Beh ya sha buga masa sanda a yatsu, yana cewa yanga ce, bai kuwa daina ba sai da tsufa ya raba shi da ita. Ya duba kwanan watan da ke ƙasa. Yana da shekara ashirin da shida a lokacin.

Hannunsa ne. Bai taɓa sake ganin ko ɗaya daga dubban wasiƙun da ya rubuta ba, domin wasiƙa tafiya take yi, ba ta dawowa. Ga guda ta dawo bayan shekara hamsin da 'yan kai, ta same shi da hannu mai rawa.

"Bari in ɗan sha ruwan zafi," ya ce. "Lay Peng, zo ki nuna mini inda kika ɓoye ganyen shayin."

A ɗan ɗakin baya, tsakanin tukunyar dafa allurai da buta, ya gaya mata. Ta dafe baki, sannan ta sauke murya.

"Ka tabbata?"

"Ke ba ki gane zanenki in kin gan shi a jikin mutum a kasuwa?"

"To kalmomin fa? Ai shi ya faɗa, kai ka rubuta. Nasa ne."

"Da su nake buɗe kowace wasiƙa. Kowa da kowa. Mai dako, mai keke, mai wanki. Wani ma ban gama jin sunansa ba na riga na rubuta su."

Lay Peng ta leƙa ta labule. Matar tana zaune a miƙe, ta ɗora hannu biyu a kan jaka, tana kallon wasiƙar.

"Ah Ku, ka rufa mana asiri ka yi shiru. Wa zai sani? Uwar ta tafi, uban ya tafi. Baiwar Allahn nan ta taso tun asuba da abu ɗaya tak a hannunta, kai kuma ka fizge? Ma'anar daidai ce, rubutun ya yi kyau, wurin da take so ba ƙafa ba ne. Wace dokarka aka karya?"

Babu wadda aka karya, ya sani. Ya tsaya yana kallon butar. Wani abu kuma yana motsi a ƙasan ransa wanda bai gaya wa Lay Peng ba. Allunan shagunan da ya rubuta duk an sauke su an sa masu wutar lantarki. Jajayen takardun sabuwar shekara ruwan sama ke cinye su kafin wata uku. Abin da yake rubutawa yanzu, shi ya san na tsoho ne, ana karɓa ne don ba a ga na da ba. Ga hannunsa na ƙuruciya, lokacin da yake kan ganiyarsa, wata ta zo da kanta tana roƙon a sa mata shi a jiki, ta yi yawo da shi, ta nuna wa jikokinta. Abin da ake nema gare shi kawai ya rufe baki.

"Shayin nan dai babu shi," ya ce, ya koma.

Ya zauna ya tambaye ta ko maƙwabcin ya karanta mata sauran. Ta ce ya dai gaya mata gaisuwa ce da fatan alheri, idonsa ba ya gani sosai.

"To bari ki ji duka."

Ya karanta a hankali, yana mayar mata da shi Hokkien na baka. Gaisuwa ga uwargida mai daraja. Sanyin kaka ya soma shigowa, ana fatan tana kula da lafiyarta. Ya ji kunya da ya zo nan, domin a garin da ba a taɓa yin kaka ba, bai san wane sanyi yake nufi ba, haka dai littafin koyon wasiƙa ya ce a rubuta. Ya ci gaba. Mai wasiƙa yana cikin ƙoshin lafiya, kada a sa damuwa a rai. Sai kuma a tsakiyar layi na biyar maganar ta canza, kamar mutum ya tuɓe rigar aro.

"Takalmin da na aiko wa yarinya ya yi mata yawa, na sani. Da gangan ne. A cusa tsumma a bakinsa. Tsumma na ce, kada a sa jarida, akwai rubutu a jiki. Kada a bar ta ta je bakin ruwa ita kaɗai ko da ta yi kuka. In ta yi kuka a bar ta ta yi."

Malama Guat Kim ta cire gilashinta. "Ja ne," ta ce. "Takalmin. Sai da na shiga aji ɗaya ya yi mini daidai."

Tsohon ya ajiye takardar, ya haɗa hannuwansa a kan teburi.

"Malama, wannan na takalmin maganar babanki ce, kalma da kalma. Ba irin maganata ba ce, da ni ne da na yi mata ado. Sauran kuwa, da gaisuwar, da sanyin kaka, da haruffa huɗun nan da kike so, nawa ne. Rubutun ma nawa ne. Ni ne mai teburi a bakin tasha. Babanki ya zauna a gabana ya faɗa, na rubuta."

Lay Peng ta juya ta shiga gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara. A waje wani mai babur ya wuce yana danna ƙaho.

"Naka," matar ta ce.

"Nawa."

"Haruffa huɗun, shi ya ce ka sa?"

"Kowa nakan sa wa."

Ta mayar da gilashin, ta jawo ledar gabanta, ta soma neman bakin jakarta. Muryarta ta koma ta aji. "Wata huɗu ina kwana da takardar nan a gefen filo. Na kai ta an yi mini hotonta babba na rataye a falo. Na tara 'ya'yana na ce ku zo ku ga hannun kakanku. Ashe hannun wani tsoho ne a lungun Penang." Ta miƙe. "Da ka yi shiru, Ah Pek. Me zai ragu a jikinka?"

"Babu. Ƙaruwa ma zan yi. Ban taɓa rubutu mai kyan wannan ba tun daga lokacin."

"To don me?"

"Hoton falo kina iya saukewa. Fata kuwa da ita za ki tafi. Ranar da kika isa inda yake, kika miƙa masa hannu kika ce Baba ga rubutunka, me zai yi? Zai yi ta kallo ne kawai, kamar yadda yake kallon takarda a gabana. Ba zai iya karantawa ba. Kunya za ki ba shi a gaban mutanen can."

Ta tsaya da jakar a hannu, ba ta zauna ba, ba ta kuma tafi ba.

"Mama ta yi mini ƙarya ke nan."

"Ban sani ba. Ba ni in ga takardar a waje da ledar nan. Akwai abin da nake so in duba."

Ta zaro ta ta miƙa masa. Yana da wata al'ada a wancan zamanin. In ya gama wasiƙa yakan ce wa mai ita ya sa wata alama tasa a gefe, don na gida su san daga gare shi ta fito. Yawanci babban yatsa suke dangwalawa a tawada. Wasu su yi ɗan da'ira. Gefen hagu na takardar a naɗe yake ta baya, naɗin ya daɗe har ya manne. Ya sa farce a hankali ya buɗe.

Babu yatsa a wurin, babu da'ira. Wani abu ne kamar tsani mai matakala biyu da aka jingina a bango ya zame. Ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, tawadar ta taru a sama ta yi dunƙule, a ƙasa kuma gashin alƙalamin ya tarwatse ya bar zare-zare.

"Na ga wannan," in ji Malama. "Na ɗauka ni na yi shirme a kai ina ƙarama. Ni na ƙara danne naɗin don kada ya fito a hoto."

Tsoho Beh ya daɗe yana kallonsa. Sai ga warin albasa ya dawo masa, da ƙarar katako a ƙarƙashin ƙafafun masu dako, da wani hannu mai faɗi, mai tsagaggen farce a babban yatsa, yana tsoma ɗan ali a ragowar shayi yana ja a kan teburinsa.

"Sunanki Guat," ya ce. "Wata ke nan, na sama. Ga shi nan. Ja huɗu ne. Ya tambaye ni wanne ne mafi sauƙi a sunan 'yarsa, na ce wannan. Lahadi huɗu ko biyar yana zuwa, ba don wasiƙa ba, ya tsaya a gefe sai layi ya ragu, ya yi ta gwadawa da ruwan shayi a kan teburina, yana bushewa yana sakewa. Abokansa suna ta yi masa tsiya, wai Ah Chye zai zauna jarrabawar zama hakimi. Ranar da na ba shi alƙalami ya damƙe shi kamar ƙugiyar ɗaukar buhu. Na ce sassauta, ba gudu zai yi ba. Ya kashe mini alƙalami sabo ful. Na yi masa faɗa har na ce kada ya sake taɓa mini kaya."

Ta koma ta zauna a hankali. "Yaya fuskarsa take?"

Ya so ya ba ta. Da ya ce dogo ne mai fara'a, da ta karɓa ta tafi da shi har abada. Ya rufe ido ya nema, bai samu komai ba sai hannun.

"Ban riƙe ba, Malama. Kaina a sunkuye yake kullum, hannuwa nake gani. Nasa yana da faɗi, farcen babban yatsa a tsage. Yana warin albasa. Iyakar abin da ke wurina ke nan."

Ta buɗe tafin hannunta ta duba, ta juya bayansa, ta sake juyawa. Sannan ta jawo takardar ta kalli ɗan karkataccen tsanin, ta daɗe. Dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye.

"Da ɗalibina ne ya kawo mini wannan, da sai ya sake."

"Sau nawa na ce ya sake. Wannan ne mai kyan."

Ta goge ido da bayan hannu, ta naɗe hannun rigarta har gwiwa, ta juya wajen Lay Peng. "'Yan mata, allurar taki tana da zafi?"

"Kamar cizon tururuwa ne, Anti. Tururuwa ɗari." Lay Peng ta karɓi takardar da hannu biyu ta kai ƙarƙashin fitila, ta ɗora siririyar takardar kwafi a kai. Ta duba sosai. "Ƙafar nan ta hagu ta zame sosai. In ɗan miƙe ta kaɗan? Ba wanda zai gane. Dunƙulen tawadar nan ma ina iya rage shi."

Tsoho Beh ya buɗe baki, amma Malama ta riga shi.

"Ki bar shi yadda ya bar shi. Har zare-zaren."

Lay Peng ta naɗe sauran wasiƙar ta baya don gefen kawai ya rage a fili. Tsohon yana kallo haruffa huɗun suka shige ƙarƙashin naɗin, da jelar tsattsewarsu da komai. Ba a nemi ya rubuta kome ba ran nan. Ya wanke alƙalaminsa duk da bai taɓa tawada ba, ya rataye shi, ya ɗauki hularsa daga kan ƙusa.

"Ah Ku, ina zuwa? Ba za ka tsaya ka ga an fara ba?"

"Mai taliyar bakin kasuwa yana kwashe kayansa kafin sha ɗaya. In na tsaya kallonku romo kawai zan tarar."

"Ah Pek," Malama ta kira shi daga kan doguwar kujerar, hannunta a miƙe bisa matashi. "Hoton falon fa? In sauke?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗan yi tunani.

"Ki bar shi. Ki ce musu wani yaro ne mai yanga ya rubuta wa kakansu."

Injin allurar ya soma ƙugi a bayansa. Ya sa hularsa, ya ja ƙofar, ya fita cikin rana.